Minti Goma Zuwa Tasha

Litinin, 3 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da Yaya da mai ɗakinsa da yara. Yaya jikin Inna? Da muka yi waya ranar Juma'a na ji muryarta ta yi ƙasa, ta ce gajiyar mota ce kawai. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, in ban da murar da ta maƙale mini tun da aka mayar da teburina ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Na so in kira ka, sai na tuna yadda muke ƙarewa: ni ina ɗaga murya, kai kana cewa "na'am?", duk layi su ji zancen, kai ba ka ji ba. Shi ya sa na ba Direba wannan takarda, tunda motarsa a bakin layinku take kwana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san jirgin ƙasan cikin gari da ake shimfiɗa wa hanya a wajenku. To a nan hedikwata an raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da tashar da zai tsara wa unguwannin da ke kewaye da ita. Mu sai Allah ya sa tashar da ke bayan unguwarku ce ta faɗo hannunmu. Yadda ake yi, a ɗora tsinin alƙalami a kan tasha, a zana da'ira wadda daga bakinta zuwa tsakiya tafiyar minti goma ce a ƙafa. Abin da ke cikin da'irar shi ne zai sauya. A nan ake son benaye, da shaguna, da makaranta, da ƙaramin asibiti, don mutum ya fito gida ya taka ya hau jirgi ba sai ya nemi mota ba.

Yau da safe, kafin mutane su iso ofis, na shimfiɗa taswirar na bi layinku da yatsa har ƙarshensa. Kawu, gidanmu ya faɗa cikin jar da'ira, har da shagonka. Inna na fara tunawa, sai da na yi ƙwalla. Ka fara shiri, nan da shekara uku ba za ka gane unguwarku ba.

Don Allah kada kowa ya ji tukuna, ba a sanar ba. Direba yana ta matsa mini ham a ƙofar ofis, sauran bayani sai na samu zama.

Taka,
wadda kake kira uwarka


Asabar, 8 ga Maris

Uwata,

Takardarki ta same mu lafiya, mun gode Allah. Innarki tana nan yadda kika sani. Ranar wankin ƙoda ta dawo a galabaice, washegari ta ɗan warware ta soma yi mini faɗa, da haka nake gane an samu sauƙi. Ƙafafun ne suka ɗan kumbura. Yayanki da iyalinsa suna gaishe ki. Murar nan ki daina wasa da ita, ki ce su mayar da teburin inda suka ɗauko shi.

Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyarmu ban taɓa yi miki ƙumbiya-ƙumbiya ba, yau ma ba zan fara ba. Takardar nan ta tayar mini da hankali. Sau huɗu na karanta ta. Kin ce gidanmu ya faɗa cikin jar da'ira. Kin ce in fara shiri. Kin ce da kika tuna Innarki sai da kika yi ƙwalla, kuma kada kowa ya ji. Ni na ga jan fenti da idona shekarar da aka faɗaɗa babban titi. Da safe aka shafa shi a bangon mutane, kafin damina ta fita babu gida ɗaya a tsaye. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ki gaya mini a fili: rushe mu za a yi?

Akwai kuma laifin da gara ki ji shi daga bakina. Rubutunki ƙanana ne, kamar tururuwa ta fito daga tawada. Gilashin da nake duba cikin agogo da shi harafi ɗaiɗai yake nuna mini, kalmar nan ta da'ira kuwa ta ƙi karantuwa. Sai na tsallaka shagon Tela da ke kallon nawa, na rufe sauran takardar da tafin hannu, na ce ya karanta mini wannan layin kaɗai. Na manta mutumin da ya shekara arba'in yana zura zare a allura ba a ɓoye wa idonsa abu. Ya karanta inda na nuna da inda ban nuna ba. Ya rantse ba zai faɗa ba, amma na ga yadda ya juya ya dubi bangon shagonsa.

Innarki ban gaya mata ba. Ina zan kai ta? A nan Ungozoma tana jikin katangarmu, ita ke riƙe ta zuwa asibiti duk Litinin da Alhamis, ita ta san motar da matakinta bai yi tsawo ba. Ba don kaina nake tambaya ba. Teburin mai gyaran agogo ko a gindin bishiya aka ajiye shi ya zauna.

Ki ba Direba amsa a dawowarsa ta jibi, ko da layi biyu ne.

Kawunki


Asabar, 12 ga Afrilu

Malama mai taswira,

Muna nan da rai. Da fatan kema lafiya, ke da aikin da ya hana ki ɗaukar alƙalami.

Mako biyar ke nan. Motar Direba ba ta ƙara kwana a layinmu ba sai jiya, an ce tana gareji, amma ai ba ita kaɗai ke shigowa garin nan ba. Yayanki ya ce bari ya kira ki, na hana shi. Na ce wadda aka tambaya a takarda ta san inda takarda take. Da amsar mai daɗi ce da tuni ta iso. Shiru ma magana ce, kuma duk da kunnen nawa na ji ta.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in gaya miki abin da ake ciki. Tela matarsa kaɗai ya gaya wa, ita kuma ƙanwarta kaɗai. Kafin mako ya zagayo, yara ma sun sani. Sai ga wani dillali ya bayyana da farar mota da jakar takardu, yana bi gida-gida. Abin da yake cewa shi ne a sayar tun kafin a shafa fenti, don bayan fenti abin da aka miƙo maka shi za ka karɓa. In mutum ya yi gardama sai ya ce ai 'yar gidan Mai agogo da ke hedikwata ita ta tabbatar, a je a tambaye ni. Suna zuwa. Me zan ce musu? Na ce ni ma abin da na karanta ke nan.

Tela ne ya fara sayarwa. Ranar Laraba waccan ya tashi, na tsaya a ƙofar shago ina kallo aka ɗaure keken ɗinkinsa da igiya a bayan akori-kura. Ya koma can bayan gari, wajen masu buga bulo. Mai wanki ya bi shi, sai gidan malaman makarantar nan guda biyu. Ungozoma ta sa hannu makon jiya. Ta shigo tana kuka ta yi wa Innarki sallama, a nan Innarki ta ji komai. Na zaci za ta rufe ni da faɗa don na ɓoye mata. Sai kawai ta juya ta fuskanci bango. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Yanzu da Ungozoma ta shiga haɗa kaya, matar Yayanki ke kai Innarki asibiti, ga goyo a baya. Alhamis ɗin da ta wuce jaririn ya kwana da zazzaɓi, ba a je ba.

Dillalin ya bar mini tawa takardar, ga ta nan a kan tebur na danne ta da wani tsohon agogon bango. Yayanki ya ce in sa hannu kafin Juma'a, kada mu zama mu kaɗai muka rage a layi ranar da za a zo da motar rusau. Ban sa ba. Ni kaina ban san abin da nake jira ba.

Mai agogo


Talata, 15 ga Afrilu

Kawu,

Ka gafarce ni, wannan ya riga gaisuwa: kada ka sa hannu. Na riga na gaya wa Yaya a waya, amma ina so ka gani da idonka, da manyan baƙi. BA ZA A RUSHE GIDANMU BA. Ba za a rushe gidan kowa a layinku ba.

Yanzu ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki.

Takardunka biyu yau da safe suka zo mini tare. Ranar da ka ba Direba ta farko, motarsa ta mutu a hanya, aka ja ta gareji, takardar ta yi wata guda a aljihun mota. Sai da ka miƙa masa ta biyu ya tuna. Ya shigo ofis kansa a ƙasa. Ban iya yi masa faɗa ba, don laifina ya fi nasa. Sau huɗu na kira Inna a tsakanin nan, kullum "lafiya lau". Ni kuma na ɗauka kana can kana murna, har ina cewa Kawu ya ji daɗi ya manta da ni.

Jar da'ira ba jan fenti ba ce. Alƙalamin da ke hannun mai zanen ne ja, tashar da ke gaba da taku da kore aka zana ta. Awo ne kawai, yana nuna waɗanda za su iya takawa zuwa tasha. Ƙwallar da na yi ta farin ciki ce, don layin jirgin ta ƙofar babban asibiti ya bi. Mota biyu zuwa, mota biyu dawowa da Inna ke yi za su koma jirgi ɗaya, tana zaune. Da na ce ka fara shiri, tsokanarka nake yi, wai masu kawo gyara za su yi maka yawa. Na sake karanta maganar a raina yanzu, na ga babu yadda za a yi ka fahimce ta haka. Sauri ya sa na ba ka rabin zance.

Dillalin nan ya san abin da yake yi. Filin da ke cikin da'ira shi kowa zai yi rububinsa da zarar an sanar. Waɗanda suka aiko shi benaye za su gina. Tsoro suka tarar a ƙasa suka ɗauka, suka haɗa da sunana.

Amma Kawu, na ce kada kowa ya ji. Makon jiya shugabanmu ya tara mu ya ce labarin taswira ya fita, ana saye gidaje da shi, wa ya yi? Na dubi idonsa na ce ban sani ba, don a lokacin ban sani ba. Yanzu na sani. Gobe zan shiga in gaya masa da kaina, abin da zai biyo baya Allah masani.

Ka aika wa Ungozoma yau ɗin nan, in ba ta miƙa takardun gida ba wataƙila a iya warwarewa. Ka gaya wa duk wanda bai sa hannu ba ya tsaya.

Tsarin nan mai kyau ne, Kawu, na yarda da shi har zuciyata. Minti goma daga ƙofarka zuwa jirgi. Ka riƙe wannan.

Kuma tunda nake ba ka taɓa kirana Malama ba. Na karanta wurin ya fi sau goma.

Taka


Asabar, 26 ga Afrilu

Uwata,

Na mayar miki da sunanki, ki yafe wa tsoho. Fushi ne da tsoro suka haɗu. Muna lafiya. Innarki ta je wanki duka biyun a makon nan, ta kuma soma magana da ni, ko da yake ba da yawa ba. Ta ce in gaya miki ni da ke duk kanwar ja ce, ɗaya ba ta iya faɗa ba, ɗaya bai iya ji ba. Yaya kuka ƙare da shugaban naku?

Takardar dillali na mayar masa. Ya yi murmushi ya ce ba komai, ƙofa a buɗe take. Gida biyar da suke shirin sa hannu sun fasa. Ungozoma kuwa bakin alƙalami ya bushe, ta miƙa komai, ƙarshen wata za ta koma wajen 'yarta.

Na je wajen Tela. Na ga bai kamata ya ji a bakin wani ba. Mota biyu na shiga, na ƙarasa da ƙafa. Na same shi zaune a ƙarƙashin wata rumfar kwano, keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane, don a can babu mai kawo ɗinki, kowa bulo yake bugawa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha. Can ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Da ka bar ni ban sani ba, da ka fi kyauta mini." Da na tashi tafiya bai raka ni ba. Shekara arba'in muna kallon juna ta ƙofar shago.

A layi ma wasu sun daina gaishe ni. Wani ya zo ya karɓi agogonsa ban gama gyara ba, na juye masa ƙananan ƙarafan a takarda ya tafi da su. Ban ga laifinsu ba. Magana zarar bunu ce, ni na zaro.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kyau. Kin ce in riƙe minti goma, sai na ce bari in gwada abin da zan riƙe. Ranar Talata da hantsi na ɗaura agogon da na fi yarda da shi, na fita daga ƙofar gida zuwa inda ake kafa ginshiƙan tashar. Kin san layinmu a bakin ruwa ya ƙare. Lokacin da kike zuwa hutu ƙorama ce, kuna tsallake ta da siket ɗin makaranta. Shekara shida ke nan da aka haƙe ta aka yi mata siminti ta zama babban lambatu, zurfinsa ya shanye mutum, faɗinsa ya fi ɗakina. Ke in kin zo ta titi kike shigowa a mota ki koma ta titi, ba ki taɓa leƙawa ba.

To dole na juya baya, na fita har babban titi. Na bi gefensa, inda babu wurin mai ƙafa, manyan motoci suna kaɗa mini riga. Na haye gadar motoci, na zagaye katangar sito-siton nan, sannan na iso. Minti arba'in da ɗaya. Na ce wataƙila tsufa ne. Washegari na ɗauki keken da muke tura Innarki a kai, babu kowa a ciki, na sake bi. Minti hamsin da biyar, sau biyu ƙafar keken tana faɗawa rami, sau ɗaya wani mai babur ya zage ni. Abin haushin, daga tagar shagona ina hango ginshiƙan tashar. In na yi jifa da ƙarfi zan iya samun katangarta.

Ban yi karatunku ba, amma na san minti. Wannan da'irar taku tsuntsu kuka auna wa. Ba faɗa nake yi ba, tambaya ce: a cikinku wa ya taka hanyar nan da ƙafarsa?

Kawunki


Talata, 20 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki, da Yaya da iyali. Na ji daɗi da ta samu zuwa wanki duka biyun, Allah ya sa a ɗore. Ni lafiya. Murar ma ta tafi, don an raba ni da na'urar sanyi: shugabanmu ya cire ni daga rukunin tashar, ya mayar da ni ɗakin ajiyar takardu a ƙasan bene. Bai kore ni ba, ya ce don na zo da ƙafata ne. Ina jera tsofaffin taswirori ina kaɗe musu ƙura. Ban ce an zalunce ni ba.

Amsar tambayarka ita ce babu kowa. Ba wanda ya taka. A taswirarmu lambatun nan wani siririn shuɗin layi ne, kamar zare. Ni da na san wurin, na bi ta kansa da yatsa ban tsaya ba.

Na yi kwana uku da takardarka a jaka. Daga baya na hau sama na kai wa wani tsohon injiniya da ke kula da hanyoyin masu ƙafa. Da ya zo wajen tsuntsu ya yi dariya, da ya zo wajen keken Inna ya daina. Ya sa aka duba sauran tashoshin, cikin tara aka samu huɗu masu irin wannan matsala, wata katanga ce, wata titi ne mai hannu shida. Ya tura masu awo, ina jin ka gan su a ƙarshen layi da sandunansu.

Abin da suka dawo da shi zan rubuta a hankali. Na karanta shi sau uku ina neman kalmar da za ta iya ruɗa ka.

Za a iya yin gadar masu ƙafa a kan lambatun, daidai ƙarshen layinku. Ba mai matakala ba, mai gangare, yadda za a tura keke a kai. In an yi ta, daga ƙofarka zuwa tasha minti shida ne, kuma wannan karon da ƙafa aka auna. Amma gangare yana son wurin sauka, layin kuwa ya yi ƙunci. Wuri biyu ne kawai: tsohon gidan Tela, ko shagonka.

Gidan Tela yanzu na kamfanin da ya aiko dillali ne, sun kewaye shi da kwano. An tuntuɓe su. Suna son gadar ƙwarai, don benayensu za ta yi wa amfani, amma a filin wani. In aka ce sai an karɓa da ƙarfin doka, suna da lauyoyi, za a shekara ana shari'a, a buɗe tasha, ma'aikata su kwashe kayansu, gadar ta zama zancen baka.

In ta shagonka ce, shagon zai tafi gaba ɗaya da rabin zaure. Ɗakunan ciki ba za a taɓa su ba. Akwai diyya, amma na san ba ita ce maganar ba. Babu mai tilasta maka. In ka ce a'a, an rufe zancen.

Ba ni da bakin roƙonka. Ni na jawo aka watse maka maƙwabta, yanzu kuma na dawo ina nuna shagon da ka shekara hamsin a ciki. Na gaya maka ne don kada ka ji a wajen wani, kuma don kada in sake ba ka rabin zance.

Taka


Alhamis, 12 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ku. Lafiya kuwa? Wannan karon na tabbatar takardar ta isa, Direba ya ce a hannunka ya sa ta. Wayar Inna a kashe take mako guda ke nan. Yaya yana ganin kirana ba ya ɗauka. Direba ya ce shagon a rufe yake ganinsa, kuma layin babu wanda zai tambaya.

In fushi kake yi da ni, ka yi, na cancanta. Ka manta da gadar, zan gaya wa injiniya ya nemi wata dabara. Ka dai rubuto mini kalma ɗaya game da Inna. Na nemi hutu an ce sai ƙarshen wata mai zuwa. In ban ji komai ba zuwa Lahadi ta sama, zan taho ko ba izini.

Taka


Lahadi, 22 ga Yuni

Uwata,

Ki kwantar da hankalinki, ba fushi ba ne. Kin ga yadda shiru yake ko? Ni ma haka na ji.

Innarki aka kwantar a asibiti, kwana goma sha shida. Bayan Ungozoma ta tashi, zuwa wanki ya koma yau a je gobe a fasa. Ruwan sama ya tare mu sau biyu, sau ɗaya muka tsaya a bakin titi fiye da awa babu motar da ta yarda ta ɗauki keke. Ruwa ya taru mata a ƙirji, numfashi ya gagara. Can na tare, shi ya sa shago yake rufe. Wayarta tana gida a ƙarƙashin matashi. Shekaranjiya aka sallamo mu. Ta rame ƙwarai, amma tana cin abinci kaɗan-kaɗan, kuma tana gane kowa.

Yayanki kuwa fushi yake yi, da ke da ni duka. Da na nuna masa takardarki ya ce wato mu ba da shagonmu don waɗanda suka cuci Tela da Ungozoma su samu hanyar da masu hayar benayensu za su bi. Ya ce su suka ci, mu za mu wanke kwano. Na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ya yi ƙarya ba. A raina na riga na yanke cewa a'a zan ce miki, ina neman yadda zan rubuta ne kawai.

Wata rana da la'asar a asibiti Innarki ta ga ina ta juya takarda a hannu, ta ce in karanta mata, tunda ɓoye-ɓoyen farko bai haifar mana da alheri ba. Na karanta mata duka. Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta jawo hannun rigata, na sunkuya.

Ta ce, "Gida nawa suka rage a layin?"

Na ce goma sha tara.

Ta ce, "Waɗanda suka tafi, da bakinmu suka tafi. Waɗanda suka rage a bar musu hanya."

Na ce mata masu benaye fa? Ta ce gada ba ta tambayar mai takawa, kuma ta gaji, in bar ta ta huta.

Injiniyan naki ya zo da kansa jiya. Mutumin kirki ne, ya san yadda ake magana da mai nauyin kunne, yana duban fuskata ba ya ihu. Na sa hannu. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, kuma ya rubuta: kafin a buɗe gadar ni zan tura keke in hau in sauka, da mutum a ciki. In na tsaya hutawa a tsakiya, gangaren bai yi ba, su sake.

Yau da safe na soma kwashe shago. Na mayar da tebur ɗakin da ke kusa da na Innarki. Hasken wurin bai kai na shago ba, daga hantsi zuwa azahar kaɗai zan iya aiki, amma masu kawo gyaran ma sun ragu. A bayan durowa na tsinci agogon hannu guda uku da masu su ba su dawo karɓa ba, biyu daga cikinsu sun rasu. Yayanki ya taya ni ɗaukar teburin.

Na tambayi injiniya yaushe za a gama. Ya ce in komai ya tafi daidai, wata goma. Na tambayi likita abin da ya kamata in tambaye shi, shi bai ba ni lissafi ba, ya ce mu ci gaba da zuwa kada mu fasa ko sau ɗaya.

Kada ki taho ba izini, aikin da ya rage miki ki riƙe shi. Amma ranar da hutun ya fito, ki shigo motar farko. Innarki ta ce in gaya miki, in za ki zo ganinta, kada ki jira gadar.

Kawunki